Shatin Kofi a Littafin Muhannad

"Na ashirin da shida," in ji Ustaz Abdallah.

"Cikin nawa?"

"Cikin ashirin da tara."

Falalu ya gyara zama a kan bencin ofishin malamai. Daga lambu ya zo kai tsaye, lakar bakin kogi ba ta gama bushewa a ƙafar wandonsa ba. Ya dubi malamin da ke koya wa ɗansa lissafi, wani siririn matashi ɗan Wad Madani wanda Hausarsa ke zamewa zuwa Larabci in magana ta yi tsawo.

"Bara fa na uku ya zo, Ustaz."

"Na sani, ni na rubuta sakamakon da hannuna. Shi ya sa na aika a kira ka, ban kira uban na ashirin da tara ba. Wancan yaron tun aji ɗaya can yake zaune, kuma ga alama yana jin daɗin wurin."

Falalu bai yi dariya ba, sai malamin ya koma kan abin da ya tara su.

"Saura mako shida a yi jarrabawar gwaji. Mudir, shugaban makaranta, ya ce duk wanda ya faɗi, ba za a sa sunansa cikin masu zana shahada, jarrabawar fita, bana ba. Sai dai ya maimaita aji."

"To, ya maimaita. Ai ba mutuwa ba ce."

"Haka na ce wa Muhannad jiya. Ka san amsar da ya ba ni? Ya ce shi ba zai zauna aji ɗaya da ƙannensa ba. Ranar da aka ce ya maimaita, ranar zai hau mota zuwa wurin haƙar zinariya."

Falalu ya san abin da hakan ke nufi. Samari huɗu ne suka bar ƙauyensu zuwa ramukan zinariya cikin shekara biyu. Ɗaya ya dawo da mota. Biyu sun dawo da tarin da ba ya jin magani. Na huɗun kuwa, har yanzu uwarsa tana fitowa bakin titi duk ranar kasuwar Abu Hujar, tana duba fuskokin masu sauka daga mota. Muhannad shekararsa goma sha biyar.

Ustaz Abdallah ya zaro wani littafin rubutu daga cikin tarin da ke gabansa, ya buɗe shi a tsakiya.

"Duba nan. Yana fara lissafin daidai, sai ya tsaya a tsakiyar layi. Ya sake farawa a ƙasa, ya sake tsayawa. Wannan ba aikin wanda bai gane ba ne. Ga kuma waɗannan."

Ya nuna wasu zagayayyun tabo masu launin ƙasa. Kusan kowane shafi akwai su, wani biyu, wani uku, wasu sun hau kan juna, sun cinye lambobin da ke ƙarƙashinsu.

"Shatin gindin kofi ne," in ji Falalu. "Shayi yake sha a kan littafi. Ƙazanta ce kawai irin ta yaran yanzu."

"Yana da wurin karatu a gida?"

A nan ne Falalu ya ɗaga kai da kyau, karo na farko tun shigowarsa.

"Wurin karatu? Ustaz, ɗaki guda gare shi. Diwanina, ɗakin baƙina, gaba ɗaya na ba shi, da tebur, da fitilar sola. Ni a zamanina ko aci-bal-bal ban samu ba."

"Tamam," in ji malamin, ya rufe littafin ya miƙa masa. "To sai a zaburar da shi. Mako shida ba yawa, amma yaron yana da kai."

A gindin bishiyar da ke ƙofar makaranta, wurin mai shayi, Falalu ya tarar da mutum biyu da aka kira kan irin wannan magana. Akwai Mahadi, abokinsa tun yarinta, mai kanti a bakin titi, wanda ɗansa Ayman ya sauko daga na biyar zuwa na ashirin da biyu. Akwai kuma Alhaji Abdussalami, ƙanen mahaifin Falalu, wanda autansa Khalid ya yi faɗuwar da tsohon ya ƙi faɗin lambarta.

"Waya ce, ya zol," in ji Mahadi, "mutumina" ke nan a Larabcin ƙasar. "Wallahi waya ce ta lalata su."

"Nawa ba shi da waya," in ji Falalu.

"To ta abokai."

"Ba waya ba, ba abokai ba," in ji Alhaji Abdussalami, yana juya carbi. "Wanga zamani an ajiye bulala, shi ke nan. Mu da muna yara, ko inuwar malami muka gani sai jikinmu ya ɗauki rawa."

"Baffa, kai aji nawa ka yi?" Mahadi ya tambaya yana murmushi.

"Na yi ajin da zan iya marin ka ko yanzu."

Suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Kowa ya faɗi abin da ya riga ya gwada. Mahadi ya yi wa nasa alkawarin keke. Alhaji Abdussalami ya sa an yi wa nasa rubutu ya sha kwana bakwai. Falalu ya gwada alkawari, ya gwada tsawa, ya gwada kwatanta yaron da ƙanwarsa Abrar wadda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya a ajinsu ba. Duk ba abin da ya motsa. A ƙarshe suka tsayar cewa bayan la'asar za su haɗu a diwanin Falalu, su zauna da kyau, su nemo wa abin magani.

Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa can za a haɗu. Can ake haɗuwa kullum. Diwanin ɗaki ne mai faɗi a bakin ƙofar gida, yana fuskantar hanya, da wata tsohuwar dogonyaro a gabansa. Mahaifin Falalu ne ya gina shi, kuma tun ranar ba a taɓa sa wa ƙofarsa kwaɗo ba. Mai jiran mota, mai neman aron fartanya, baƙon da ya sauka daga Suki bai san kowa ba, duk nan suke zama, kuma ba mai tashi bai sha wani abu mai zafi ba. A ƙauyen in aka ce diwanin wane a buɗe yake, an gama yabon mutumin.

Al'ada ce kuma, in yaro ya fara sauya murya sai ya bar ɗakin uwarsa, a kai gadonsa diwanin ubansa. Shi zai share, shi zai cika randa, shi zai shiga cikin gida ya karɓo tire daga hannun mata, tun da baƙo ba ya shiga, mace kuma ba ta fitowa. Wata bakwai da suka wuce, kwana biyu bayan Babbar Sallah, Falalu da kansa ya ɗauki gadon igiyar Muhannad a ka ya fito da shi. Ranar ya yanka zakara. Yana tuna yadda yaron ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon bango kamar sabon ango, yana ƙoƙarin ɓoye murna.

Da ya isa gida ya tarar da matarsa Zamzam a durƙushe gaban tanda tana yin kisra, tana shimfiɗa ƙullun da sauri, tana ɗaga shi siriri kamar takarda.

"Baban Abrar, me suka ce?"

Da sunan 'yar take kiransa, domin Muhannad ɗan fari ne, kuma ba ita ba shi, ba wanda ke kama sunan ɗan fari. A bakinsu "wancan" ne, ko "yaron nan".

Ya gaya mata lambar, ya gaya mata maganar zinariya. Hannunta ya tsaya har kisrar ta fara ƙonewa a gefe, sannan ta ɗaga ta.

"Ga kuma abin da ya ƙara ɓata mini rai," in ji Falalu. Ya fito da littafin daga aljihun jallabiyarsa ya buɗe mata. "Dubi yadda yake shan shayi a kan littafi."

Ta leƙa ba tare da ta taɓa ba.

"Shayi? Yaron da tun yana ƙarami ko ƙamshinsa ba ya so?"

"To ya koya."

"Lokacin da yake ɗakina dai, in ya kifa kai a littafi sai na ce ya tashi ya ci abinci."

"Me kike nufi? In mayar da namiji mai gashin baki ɗakin mata?"

"Ni ban ce ba." Ta zuba wani ƙullun. "Ka san tire nawa nake haɗawa tsakanin la'asar da isha'i?"

"In sukari ne ya ƙare, ki faɗa mini kawai."

Zamzam ta dube shi, ta mayar da idonta kan tanda.

"Sukari yana nan," in ji ta.

Da rana ta take, Falalu ya fita ya tsaya a hanyar da yara ke bi in an tashi daga makaranta, wadda ta bi ta saman gaɓa. A ƙasa kogin ya ja baya, ya bar yashi fari da fadamun albasa kore shar, ana jiyo bugun injin ban-ruwa daga nesa. Ya karyo tsumagiya a jikin wata bishiya, ya zage ganyenta, ya tsaya yana bugun ƙafarsa da ita a hankali.

Muhannad ya taho shi kaɗai a bayan sauran. Ya yi tsawo a 'yan watannin nan, hannun rigar makarantarsa ya tsaya nesa da wuyan hannu. Da ya ga ubansa, ya ga tsumagiyar, sai ya rage tafiya, amma bai tsaya ba har ya iso ya rusuna.

"Sannu, Baba."

"Ungo littafinka."

Ya karɓa da hannu biyu. Suka jera, uban a gaba kaɗan.

"Kai, me kake so? Faɗa mini. Waya? Keke?"

"Ba komai, Baba."

"Wani ya dame ka a makaranta?"

"A'a."

"Yarinya ce?"

"Haba, Baba."

"To mene ne? Bara na uku, bana na ashirin da shida. Kan naka aka canza?"

"Ina karantawa. In na zo rubutawa sai in ga ba abin da ya zauna."

"Zinariya kuma wa ya sa maka ita a kai?"

Suka wuce wani jaki da aka ɗaure a bakin hanya, sannan yaron ya ce:

"Ai ku kuke faɗa."

"Mu wa?"

"A diwani. Kai ka ce ga wanda ya gama jami'a yana tuƙa raksha mai ƙafa uku a Sinnar, takarda ba ta ba da abinci yanzu. Kawu Mahadi ya ce wanda ya yi wata takwas a rami ya fi wanda ya yi shekara goma sha shida a aji. Kowa ya ce gaskiya ne."

"Wannan hira ce ta manya!"

"Ina wurin ai."

Falalu ya juyo, tsumagiyar ta ɗan ɗaga. Yaron bai kauce ba, bai kuma ɗaga ido ba. Ba rashin kunya a fuskarsa. Abin da ya ji kawai ya maimaita, kamar mai kawo saƙo. Falalu ya ji hannunsa ya yi nauyi, ya jefar da tsumagiyar ƙasan gaɓa.

"Hira daban, gaskiya daban. Ni ban yi karatu ba don kaina ba na karatu ba ne, a aji shida na tsaya. Kai naka na karatu ne, malaminka ya faɗa. Yau daga la'asar ka zauna a kan littafin nan, kada in ga ka ɗaga kai. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Kuma baƙi za su zo. Ka share diwani, ka cika randa."

"To, Baba."

Bayan la'asar diwanin ya cika kamar kullum. Alhaji Abdussalami ya hau gadon da ke kusa da taga. Mahadi ya zauna a tabarma ya jingina da bango. Wasu maƙwabta uku da ba a gayyata ba suka shigo da sallama, kowa ya nufi inda ya saba zama. Falalu ya zauna a kujerarsa ta roba, wadda ke nan a wuri ɗaya tun da aka saye ta, kusa da ƙaramin teburin da ke kusurwa. A ɗaya gefen teburin Muhannad yana kan kujerar tsuguno, littafi a buɗe, biro a hannu.

"To, bismilla," in ji Alhaji Abdussalami. "Mi za mu yi da yaran ga? Muhannad, miƙo mini buta tukuna, ban yi la'asar ba."

Yaron ya tashi ya kawo buta, ya shimfiɗa masa darduma, ya koma ya zauna.

"Ni a ganina a haɗa musu darasin yamma," in ji Mahadi. "A roƙi Ustaz Abdallah. Muhannad, ba a sa shayin ba ne?"

Yaron ya shiga cikin gida. Ya fito da tire, ya bi kowa ya miƙa masa kofi, ya koma ya ɗauki biro. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya kurɓa ya ɓata fuska, ya ce likita ya hana shi sukari, a taimaka a sake masa wani. Yaron ya sake shiga. Da ya dawo, wani ya ba shi waya ya haɗa masa da batirin sola. Wani ya ce a buɗe ɗaya tagar, zafi ya yi yawa, da aka buɗe kuma tsohon ya ce iska na bugun wuyansa, a rufe.

"Darasin yamma ba zai yi komai ba in babu tsoro," in ji Alhaji Abdussalami, yana naɗe darduma. "Yaro sai ya san akwai abin da ke jiran shi."

"Baffa, na yanzu in ka doke shi sai ya gudu," in ji Falalu. "Lallashi suke so. A nuna musu amfanin abin."

"Wane amfani?" in ji maƙwabcin da ba ya shan sukari. "Tsakani da Allah fa. Ɗan 'yar'uwata yana da digiri, ga shi can..."

"Bar wannan maganar," in ji Falalu da sauri, yana satar kallon kusurwa. "Kai, jeka ka ce a ɗora jabana, a kawo mana gahawa."

Yaron ya ajiye biro ya fita. Ya dawo ya ce gawayi ya ƙare a ciki. Falalu ya ce ya ɗebo a buhun da ke bayan ɗaki. Wani mai keken jaki ya yi sallama daga waje yana tambayar ruwa, yaron ya kai masa a kwano, ya jira ya sha, ya dawo da kwanon. Ya zauna. Ya rubuta wani abu kaɗan. Daga cikin gida aka buga ƙofar langa-langa sau biyu, alamar gahawa ta nuna, ya sake miƙewa.

Maganar ta yi nisa a lokacin. An kawo shawarar a tara yaran uku a yi musu nasiha a gaban liman. An kawo shawarar a hana su ƙwallo. Mahadi ya ce a kai su asibitin Sinnar su ga masu tarin rami da idonsu. Alhaji Abdussalami ya ce duk wannan zagaye ne, shi yanzu zai yi wa na gidan nan magana, sauran su ji labari.

"Ina yake? Muhannad!"

Kujerar tsugunon ba kowa.

"To, kun gani?" Tsohon ya buga tafin hannunsa a gwiwa. "Kun ga abin da nike faɗi? Wanga yaro ko zama ba ya iyawa. Tun da munka shigo ɗakin ga nike kallon shi, bai yi minti biyar a kan littafin nan ba. Tashi, zauna, tashi, zauna. Ta ina karatu zai shiga?"

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji maƙwabtan.

Falalu ya juya don ya ga kujerar da idonsa. Abin da ya fara gani kofinsa ne. Ya shanye shayinsa tun ɗazu, ya ajiye kofin a inda hannunsa na dama ya saba ajiyewa ba tare da ya duba ba, kuma kofin yana zaune daram a tsakiyar shafin da ke buɗe.

Ya ɗaga shi. A ƙarƙashinsa akwai sabon shati, zagayayye, da ɗanshinsa, tawadar wata lamba tana narkewa a gefensa. A sama da shi layin lissafi ya tsaya a tsakiya. A sama da wannan, wani layin, shi ma a tsakiya.

Ya jawo littafin kan cinyarsa ya fara buɗe shafukan baya. Shati, shati, shati. Ya ɗora gindin kofin a kan wani tsohon tabo, ya zauna cif. Ya ci gaba da komawa baya har tabon suka ƙare. Shafukan farko fes suke, rubutu a jere har ƙasa, da jan alƙalamin malami a gefe yana yabo. Ya duba kwanan watan da ke saman shafi mai tsabta na ƙarshe. Bai iya lissafin da ke cikin littafin ba, amma ya san lokacin da aka yi Babbar Sallah.

Muryoyin ɗakin suka yi masa nisa. Ya dubi ƙofar da ke shiga cikin gida, ya dubi randa, ya dubi ƙusar da ake rataye buta. Shi ma ya san tazarar da ke tsakaninsu, ƙafarsa ta san ta. Yana aji shida aka kawo gadonsa ɗakin nan. Shekara talatin ke nan yana gaya wa mutane cewa kansa ba na karatu ba ne, kuma bai taɓa tambayar kansa wa ya fara gaya masa haka ba.

"Mahadi," in ji shi. "Ayman a ina yake kwana?"

"Diwanina mana. Tun damina."

"Baffa, Khalid fa?"

"Wa kake so ya riƙe mini buta? Kai?"

A daidai nan Muhannad ya shigo da tire, tulun jabana a tsakiya yana hayaƙi, ƙananan kofuna kewaye da shi. Falalu ya miƙe ya tare shi a tsakiyar ɗaki, ya kama gefen tiren.

"Kawo."

Yaron bai saki ba. Ya dubi ubansa, ya dubi littafin da aka bari a kan kujerar roba.

"Baba, yanzu zan zauna. Wallahi yanzu."

"Na ce kawo."

Ya saki. Tiren ya fi yadda Falalu yake tunawa nauyi, kofunan suka yi ƙara, gahawa ta ɗan zuba. Ya nufi tsohon, ya durƙusa, ya tsiyaya masa.

"Falalu, mi ke nan?" in ji Alhaji Abdussalami. Bai karɓi kofin ba. "Kana da ɗa namiji tsaye, kai ka ɗauki tire? Gaban mutane?"

"Karɓi, Baffa, za ta huce."

"In laifi ya yi, ka hukunta shi. Ba haka aka hukunci ba."

"Ba laifinsa ba ne. Kofina ne."

Ba wanda ya gane abin da yake nufi, shi kuma bai tsaya bayani ba. Ya wuce wurin Mahadi, wanda ya karɓa da hannu biyu yana kallon ƙasa. Ya wuce wurin maƙwabcin da ya girme wa da shekara goma, mutumin ya yi yunƙurin tashi, Falalu ya ce ya zauna.

Muhannad yana nan inda aka bar shi, hannayensa a sake, bai san inda zai sa su ba. Da ubansa ya zo wucewa kusa da shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, don Allah kada ka mayar da ni ɗakin Inna. Su Ayman za su yi mini dariya."

"Ba inda za ka."

"In rufe diwanin ga kake nufi," in ji tsohon, "ka tuna yayana ya gina shi, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa cewa wani ya zo ya tarar da ƙofa a rufe ba. Gobe a kasuwa za a ce Falalu ya gaji da mutane."

"Za a ce," in ji Falalu.

Ya ɗauki littafin daga kan kujera, ya goge shafin da bakin hannun rigarsa, tabon bai fita ba. Ya mayar da shi kan tebur, ya kwashe kofunan da ke kusa da shi ya zuba a tire. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa, tire a hannu, hasken yamma a bayansa, inuwar dogonyaro ta miƙe har bakin hanya. Sunan da bai taɓa furtawa a gaban mutane ba cikin shekara goma sha biyar ya zo masa baki, kuma bai mayar da shi ba.

"Jama'a, kowa ya ɗauki tabarmarsa, mu koma gindin bishiya. Daga yau har a zana shahada, ɗakin nan na Muhannad ne tun daga la'asar har isha'i, da shi da Ayman da Khalid in iyayensu sun sake su. Ba mai kiran ɗayansu, ko ni. Wanda ke son shayi, ko buta, ko ruwa, sunana Falalu."